Kwana Arba'in a Ɗakin Maijego: Nono, Ruwan Zafi da Rigimar Cokalin Ruwa

A watan Afrilu ƙanwata ta haihu a Kano, lokacin da zafi ke sa mutum ya yayyafa wa katifa ruwa kafin ya kwanta. Haihuwar fari ce, don haka daga asibiti gidanmu aka wuce da ita, a nan za ta yi wanka. Kafin magariba ɗakin Inna ya cika da 'yan barka, kowace da sabulunta ko turmin atamfa, kowace kuma da shawararta. Ita kuwa maijego tana gefen gado ta karkace saboda ɗinki, tana murmushin dole.

A dare na uku aka yi rigimar. Ƙarfe biyu ta wuce, babu wuta, jaririya ta tsala kuka ta ƙi shiru. Nonon uwar ya cika ya yi tauri kamar dutse, kansa ya tsage, duk lokacin da yarinyar ta kama sai ƙanwata ta cije leɓe hawaye na zuba. Sai ga Gwaggo ta shigo da kofi da ƙaramin cokali.

"Ƙishirwa ce ke damun yarinyar nan. Ke da kike babba, sau nawa kika sha ruwa daga magariba zuwa yanzu?"

Ƙanwata ba ta iya kallon idon Gwaggo ba. Ni ta juyo ta kalla, ta ce a hankali, "Yaya, a asibiti an ce kada a ba ta."

"'Ya'ya tara na haifa," in ji Gwaggo, "duk da ruwa na raine su."

Na san uku daga cikin taran ba su kai yaye ba. Allah ne masanin sanadinsu, kuma ba magana ce da ake yi wa babba da tsakar dare ba, sai na ja bakina. Inna ce ta raba gardamar. Ta karɓi kofin daga hannun Gwaggo ta miƙa wa maijego, ta ce, "Shanye duka. Ai ta nono zai isa gare ta." Gwaggo ta yi ƙwafa ta koma shimfiɗarta. Babu wanda aka ƙaryata, kuma yarinyar ba ta sha ruwan ba.

Abin da ke cikin cokalin

Tambayar Gwaggo ba ta wauta ba ce. Duk wanda ya san zafin bazara a Kano ko Sakkwato ko Damagaram zai yi ta. Amsarta ita ce nonon uwa kansa kusan kashi 88 cikin 100 ruwa ne, kuma wanda ke fara fitowa idan jariri ya kama ya fi tsinkewa, shi ke kashe ƙishirwa, mai kauri da maiƙo yana biyo baya. Idan zafi ya tsananta jariri yakan nemi nono akai-akai, ya sha kaɗan ya saki, haka yake biyan buƙatarsa. Mai son shaida ta duba ƙunzugu. Daga kwana na biyar zuwa sama, jaririn da ke jiƙa shi sau shida ko fiye a yini da dare, fitsarin kuma ba ja ba, ba ya tare da ƙishirwa.

Cikin jariri a ranar da aka haife shi bai fi ƙwayar kanya ba, cokalin shayi ɗaya ko ɗaya da rabi ya cika shi. Sai ya yi kusan wata kafin ya kai girman ƙwan kaza. Duk cokalin ruwan da aka ɗura masa ya tare wurin nono ke nan. Jaririn ya rage tsotso, nono kuma da tsotso yake zuwa, sai ya fara ja da baya, sai a ce ai ga shi nan uwar ba ta da nono. Ga kuma abin da ke biyo ruwan da cokalin da hannun mai bayarwa, wanda ƙarshensa gudawa ce, a ce maɗiga ta faɗa, a shiga neman magani.

Wannan ne dalilin da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka tsaya a kan abu uku: a sa jariri a nono cikin awa ɗaya da haihuwa, a ba shi nono zalla har wata shida, sannan a haɗa da abinci a ci gaba da shayarwa zuwa shekara biyu ko fiye. Na ukun bai taɓa zama baƙo a wurinmu ba, aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ambaci shekara biyu cikakku ga mai son cika shayarwa. Matanmu ba su da ƙyashin nono, kusan kowane yaro a Najeriya yana sha. A kan kalmar "zalla" ake faɗuwa. Binciken lafiya na ƙasa da Hukumar Ƙidaya ta gudanar a 2013 ya sami kashi 17 cikin 100 na jariran da ba su kai wata shida ba suna shan nono zalla, a 2018 adadin ya kai kashi 29. A Nijar, binciken 2012 ya sami kashi 23. Burin da duniya ta sa wa kanta a lokacin shi ne rabi zuwa 2025. Ruwa ne babban abin da ke tsakanin waɗannan alƙaluma da burin, shi ya sa a 2019 gwamnatin Najeriya ta ƙaddamar da gangami na musamman a kan hana jarirai ruwa. Mujallar likitoci ta Lancet ta ƙiyasta a 2016 cewa da shayarwa za ta game duniya yadda ake so, da an tsirar da yara fiye da 800,000 a kowace shekara.

Dakashi

Kafin rigimar ruwa akwai ta dakashi, wato nonon farko mai kauri, ruwan ɗorawa, wanda ke fitowa ɗigo-ɗigo a kwana biyu ko uku na farko. A gidaje da yawa, musamman a haihuwar fari, ana ɗaukarsa gurɓatacce. A tatse a zubar, a wanke nonon da jiƙe-jiƙe, kafin nan a riƙe jariri da ruwan dabino, ko zuma, ko madarar akuya. Tsofaffi suna da gwajinsu: a tatsa a ƙoƙo a jefa tururuwa, idan ta fita nono lafiyayye ne, idan ta mutu an ce yana da dafi. Tururuwar da ta faɗa cikin abu mai kauri da danƙo, ina za ta fita?

Abin da ake zubarwar nan shi ne rigakafin farko na yaro. Yana ɗauke da garkuwar da jikin uwa ya haɗa daga cututtukan da ta taɓa gamuwa da su a wannan gida da wannan unguwa, yana shafe hanjin jariri da ita. Yana da sinadarin bitamin A. Yana kuma tura baƙin kashin farko waje, abin da ke rage wa jariri shawara. Ƙarancinsa daidai yake da ƙanƙantar cikin da zai karɓe shi. Uwar ma tana da riba: tsotson farko yana sa mahaifa ta tsuke, jini ya ragu. Murɗawar marar da maijego ke ji idan yaro ya kama nono, wadda wasu ke ɗauka ciwo ne sabo, aikin ke nan ake yi.

Shafa ɗan tattaunannen dabino a ganɗar jariri sunna ce, kuma ɗanɗane ne, ba ciyarwa ba. Zuma kuwa likitoci sun hana a ba yaron da bai shekara ba, domin takan ɗauki ƙwayar cutar da hanjin babba ke iya kashewa amma na jariri ba ya iyawa, ta shanye masa jiki.

Kamu

Da gari ya waye Inna ta aika aka kira wata maƙwabciyarmu, tsohuwar ungozomar asibiti da ta yi ritaya. Ba ta kawo magani ba. Ta wanke hannu ta zauna, ta ce a sa yarinyar a nono ta gani. Kallo ɗaya ta yi ta ce, "'Yata, kan nonon kawai take tsotsa, shi ya sa kike kuka ita ma take kuka."

Ta sa aka jiƙa tawul da ruwan ɗumi aka ɗora, ta nuna mata yadda za ta tatse kaɗan da yatsu har baƙin da ke kewaye da kan nonon ya yi laushi. Ta juya jaririyar cikinta ya manne da cikin uwar, kunne da kafaɗa da ƙugu a layi ɗaya. Ta goga kan nonon a leɓenta na sama, ta ce a jira. Da yarinyar ta wangale baki kamar mai hamma, sai ta turo ta gaba ɗaya. Haɓa ta nutse a nono, leɓen ƙasa ya juyo waje, mafi yawan baƙin ya shige baki. Ɗakin ya yi tsit har muna jin ƙwat-ƙwat ɗin haɗiya. Ƙanwata ta ɗago ido ta ce, "Wallahi babu zafi."

Abin bai ɗauki minti goma ba, amma da yawan matan da ke cewa nononsu ba ya isa, minti goman nan ne ba su samu ba. Ana ɗauka tunda mace ce ai ta iya. Shayarwa koyo ce, uwa na koyo ɗa na koyo. Sabon jariri yana sha sau takwas zuwa goma sha biyu a yini da dare, wani lokaci da yamma ya maƙale kamar ba zai saki ba, kuma hakan ba alamar yunwa ta kama shi ba ce. Yakan ɗan rame a kwanakin farko, ya mayar da nauyinsa kafin mako biyu. Idan gefe ɗaya na nono ya yi ja, ya yi zafi, zazzaɓi ya rufe uwa, kada a hana yaro wannan nonon, barin sa a cike ne ke kai shi ga ƙurji. Zazzaɓin da ya kwana ya wuni kuwa na asibiti ne.

Akwai wani cikas da ba a cika faɗa ba, wato kunyar ɗan fari. Baba ta Karo ta ba da labarin wannan al'ada a littafin da Mary Smith ta wallafa a 1954, kuma har yau ba ta mutu ba: uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta nuna ɗoki a kansa a gaban manya. Alkunya ado ce, ban musa ba. Sai dai na ga yarinya 'yar shekara goma sha bakwai tana jin kukan ɗanta a hannun dangin miji, nononta na zuba yana jiƙa riga, ta kasa cewa a miƙo shi. Daga ranar haihuwa zuwa suna ɗakin ba ya rabuwa da baƙi, kwanakin da nono ke kafuwa ke nan.

Wanka da kanwa

Jego a ƙasar Hausa tsari ne cikakke. Miji ya tanadi itacen wanka tun ciki na wata bakwai. Safe da yamma a tafasa ruwa a garwa ko babbar tukunya, a tsoma ganyen darbejiya ko runhu ko tsamiya a fyaɗa wa maijego. A dama kunun kanwa, a daka yaji, a dafa ƙauri, a gasa nama. Ba ta girki, ba ta shara, ba ta surfe. Hikimar da ke ƙarƙashin wannan babba ce: mace da ta haihu tana bukatar mako shida na hutu da abinci mai kyau da hannun taimako, kuma kusan adadin da likitoci ke ba mahaifa ke nan kafin ta koma yadda take. Ƙasashe masu arziki suna kashe kuɗi suna neman abin da kakanninmu suka tsara da itace da gero.

Amma tsarin yana da ƙaya. A shekarun 1970 likitoci biyu a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Davidson da Parry, sun lura da yawan matan da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa, kimanin mace ɗaya cikin ɗari, adadin da ya girgiza masana a duniya. Sun ɗora zargi a kan gishirin da ke cikin kanwa, wanda ke tara ruwa a jiki, da zafin wanka da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Daga baya binciken da Farfesa Kamilu Karaye ya jagoranta daga Kano ya nuna ciwon yana nan da yawa a Arewa maso Yamma, ya kuma karkata hankali ga wasu dalilai: ƙarancin sinadarin selenium a jini, ramar uwa, hawan jinin ciki da talauci. Ko wanne ne ya fi nauyi, abu ɗaya ba a jayayya a kansa. Zuciyar da ta riga ta raunana, ko mace mai hawan jini, ƙarin gishiri ba ya yi mata alheri.

Inda abin ya fi ciwo shi ne yadda ake fassara alamun. Maijego ta fara haki, ƙafafu sun kumbura, tari ya hana ta kwanciya sai a jingine, sai a ce sanyi ne ya shige ta, ba ta gasu ba. A ƙara wuta, a ƙara kanwa. Wannan mace asibiti take bukata a ranar. Haka wadda jinin biƙi ya ɓalle mata ko ya yi wari, da mai zazzaɓi, da mai ciwon kan da ke dushe gani, domin jijjiga tana iya zuwa bayan an sauka lafiya. Binciken 2018 ya nuna kashi 16 cikin 100 ne kawai na haihuwa a Arewa maso Yamma ake yi a asibiti, wato mafi yawan masu jego idon da ke kansu na tsofaffin gida ne. Su ya kamata su san waɗannan alamu kafin kowa.

A gidanmu sulhu aka yi. Ruwan ya zama mai ɗumi da hannu ke iya jurewa, kunun gyaɗa da fura suka maye gurbin na kanwa, ƙauri da yaji kuwa babu wanda ya taɓa su, har ni na samu rabona.

Kukan da ba a san dalilinsa ba

A kwana na huɗu ko na biyar mata da yawa sukan tsinci kansu suna kuka haka kawai. Sauyin sinadaran jiki ne da rashin barci, yakan wuce kafin mako biyu. Wanda ya zarce haka, uwa ta daina cin abinci, ta kasa barci ko da yaro ya yi, ta ji ba ta son ɗaukarsa ko ta ji ita ba uwar kirki ba ce, wannan ciwon damuwa ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin kashi 13 cikin 100 na masu jego a duniya suna fama da larurar ƙwaƙwalwa, galibi damuwa, a ƙasashe masu tasowa kuma adadin ya kusa kashi 20. A wurinmu sunan da ake ba shi daban ne. Ko a ce rashin godiyar Allah, ga ki ga ɗa me kike nema, ko a ce iska ce ta shafe ta a bakin wanka. Addu'a ba ta hana magani. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Dawanau da Barnawa da Kware, kuma ko likitan ƙaramin asibiti zai iya fara dubawa. Wadda ta fara sambatu ko ganin abin da babu, kada a bar ta ita kaɗai da jariri, kada kuma a kwana ba a kai ta ba.

Bayan an watse

Rayuwar birni tana yi wa jego wata irin sata. Yarinya ta haihu a gidan haya a Abuja ko wata sabuwar unguwa a bayan gari, uwarta na nesa ko ita ma tana aiki. A zo suna a ci shinkafa a yi hotuna, kwana na takwas kowa ya kama gabansa. Ta tashi ta dafa ruwan wankanta da kanta, ta yi girki, ta wanke kayan jariri, ta kwana a zaune. Mun riƙe ruwan zafin, mun saki hutun, alhali hutun ne maganin.

Sai batun komawa aiki. Dokar ƙwadago ta Najeriya mako 12 ta ba maijego, da aƙalla rabin albashi. Ma'aikatan gwamnatin tarayya suna samun mako 16. Legas ta kai nata wata shida a 2014, Kaduna ta bi sahu a 2019. A Nijar mako 14 ne. Lissafin a fili yake: ana ce wa mace wata shida nono zalla, ana kiran ta aiki a wata na uku. Mai ƙosai da mai aikatau da mai zuwa gona kuwa ba su cikin kowace doka. Tatsa a kofi mai murfi tana taimakawa, nonon yana yin kamar awa huɗu a ɗaki mai sanyi-sanyi, kwanaki a firji, amma firji sai da wuta.

A nan madarar gwangwani ke shigowa. Tun 1981 duniya ta amince da ƙa'idar hana tallata ta a matsayin madadin nono, Najeriya ta yi dokarta a 1990, NAFDAC ce ke sa ido. Matsalarta a gidan talaka sananniya ce: tsada ta sa a tsinka ta don gwangwani ya kai ƙarshen wata, ga ruwan da ba a tafasa ba, ga bulumboti da ke yini a zafi ƙuda na bi. Duk da haka ban ga dalilin a tsangwami matar da larura ta tilasta mata ba. Akwai marayu, akwai uwar da ke kwance. Musulunci ya san shayar da ɗan wani, Halimatus Sa'adiyya ce ta shayar da Manzon Allah (SAW), har an gina hukuncin aure a kan 'yan'uwantakar nono. Mai ɗauke da cutar HIV ma, idan tana shan maganinta yadda aka tsara, shawarar likitoci a yau ita ce ta shayar.

Maigida yana da kaso a nan fiye da ragon suna. Ayar da ta ambaci shekara biyu, ita ce ta ɗora wa uba ci da tufatar da mai shayarwa. A 2021 aka amince wa ma'aikatan tarayya maza hutun kwana 14 idan an yi musu haihuwa, ban sani ba ko a ɗakin maijego ake cinye shi ko a majalisa. Nono zalla yana kuma tsare uwa daga rurrutsa da kimanin kashi 98 cikin 100, bisa sharaɗi uku: yaro bai kai wata shida ba, al'ada ba ta dawo ba, kuma ana shayarwa dare da rana ba tare da haɗi ba. Da zarar ɗaya ya karye sai a nemi shawarar tazarar haihuwa, kafin a wayi gari ana yaye ɗan wata takwas da sunan kada ya sha ciki.

Duk wannan bayani, a ɗakin awo ake yi wa yarinya mai ciki shi, ita kaɗai, wadda idan ta koma gida ba ta da ta cewa a gaban uwar miji. Gwaggo ba ta taɓa zuwa awo ba. Ranar da aka kai jaririyar rigakafin mako shida, kwana biyu bayan arba'in, Inna ta lallaɓa ta suka tafi tare. Aka ɗora yarinyar a sikeli, ma'aikaciyar ta nuna mata layin katin yana hawa, ta ce, "Hajiya, ai kun iya raino." Gwaggo ta gyara mayafi ta ce dama ita ta san jininsu ba ya rama.

Mai zuwa barka a makon nan, ki tambayi maijego ko ta yi barci kafin ki tambayi sunan da za a sa. Idan jariri ya yi kuka a hannunki, miƙa wa uwarsa shi. In kin ga kwanuka a tsakar gida, ki wanke kafin ki tafi.